Yinin da na yi a gidan Elvis Presley

Tikitin shiga Graceland, gidan marigayi mawaƙin Amurka Elvis Presley, ba a ƙofar gidan ake sayensa ba. Gidan yana kan wani ɗan tudu a gefe ɗaya na titin Elvis Presley Boulevard, a kudancin birnin Memphis na jihar Tennessee, amma duk wata hidimar baƙi a tsallaken titi take: wurin ajiye mota, tagar sayar da tikiti, shagunan tsaraba, wuraren cin abinci, da manyan zaurukan nune-nune da aka buɗe a 2017. Mu tun da daddare muka saya ta intanet, domin kowane tikiti da lokacinsa a rubuce, kuma mun fi son na safe kafin rana ta take. Tikitin iri-iri ne. Akwai na gida da zauruka, akwai wanda aka haɗa da jiragen sama, akwai na masu hali wanda ake ba mutum ɗan rakiya na musamman. Mun ɗauki na tsakiya. Kuɗin ba kaɗan ba ne, wanda ya tsaya lissafa shi da naira yana iya fasa tafiyar.

Ni da Kawuna muka je. Ya daɗe a Memphis yana aiki a wani kamfanin dakon kaya kusa da filin jirgin sama, kuma ya san muryar Elvis tun yana saurayi a Zariya, zamanin garmaho. Ni kuwa sunan na sani da hoton, da gashin nan da ake tajewa baya, da wasu waƙoƙi ƙalilan. Abin da ya ja ni shi ne labarin yaron da aka haifa a gida mai ɗaki biyu, ya zo yana da shekara 22 ya sayi wannan gida ya sa uwarsa da ubansa a ciki.

Da lokacinmu ya yi aka duba jakunkuna, aka shigar da mu wani ɗan ɗaki aka nuna mana gajeren fim, sannan aka miƙa wa kowa iPad mai igiyar ratayawa a wuya da abin sawa a kunne. Wannan na'ura ita ce ɗan jagora. Duk ɗakin da ka shiga sai ta nuna maka hotonsa, muryar ɗan wasan kwaikwayo John Stamos tana yi maka bayani, wani lokaci kuma a sako muryar Elvis ko ta 'yarsa Lisa Marie. Daga nan sai layin ƙaramar bas. Tafiyar ba ta wuce tsallake titi ba, amma ba a barin kowa ya taka da ƙafa a lokacin yawon. Bas ɗin ta bi ta ƙofar ƙarfen nan mai zanen alamomin kiɗa da siffar mutum riƙe da jita, ta hau tudu tsakanin manyan itatuwa, ta sauke mu a gaban ginshiƙai huɗu farare da gumakan zaki biyu.

Kawu ya ɗaga kai ya dubi gidan, ya ce, "Ɗan nan, shi ke nan gidan?"

Na ce, "Shi ne, Kawu. Kun zaci ya fi haka?"

Kusan kowa a bas ɗin abin da ya faɗa ke nan da harshensa. Gidan bene ne mai hawa ɗaya da ginin ƙarƙashin ƙasa, ɗakuna 23, a kan fili mai eka kusan 14. Ba Elvis ya gina shi ba. Wani likita, Thomas Moore, da matarsa Ruth suka gina shi a 1939. Elvis ya saye shi a watan Maris na 1957 a kan dala 102,500, bayan da masoya suka hana maƙwabtansa sakat a gidan da ya fara saya a cikin gari. A lokacin wannan wuri bayan gari ne, titin kuma babbar hanya ce mai lamba 51 da ta nufi Mississippi. Sai a farkon shekarun 1970, yana raye, aka sa wa titin sunansa.

Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta faɗa mana dokoki a taƙaice: a ɗauki hoto amma ban da walƙiyar kyamara, ban da bidiyo a cikin gida, kada a tsallake igiya. Muka shiga.

Hannun dama falo ne, da wata farar kujera doguwa mai ƙafa 15, da madubai a bango, da gilasai masu launi da aka zana ɗawisu a jiki, bayansu kuma ɗakin fiyano. Hannun hagu ɗakin cin abinci ne, teburi a shirye da faranti kamar yanzu za a zauna. A gabanka matakalar bene ce, an gitta mata igiya. Ba a hawa. Tun da aka buɗe gidan ga jama'a ranar 7 ga Yuni 1982 ba a taɓa barin masu ziyara su hau sama ba, domin can ne ɗakin kwanansa, can ne kuma banɗakin da aka same shi a kwance ranar 16 ga Agusta 1977. Ko yana raye, baƙi a ƙasa suke jiransa har ya shirya ya sauko. Na ji daɗin wannan hani. Mutumin da aka sayar da hotonsa a jikin kofi da riga da maɓallin makulli, ya cancanci a bar masa ko da ɗakin da ya mutu a ciki.

Ɗakin da ya fi tsayar da ni yana nan ƙasa, a bayan matakala: ɗakin iyayensa, Vernon da Gladys. Gado ne da shimfiɗa mai launin shunayya mai duhu, da labule irinta, da kabad a buɗe an rataye rigunan Gladys a ciki. Rigunan ba na ƙawa ba ne. Irin na matar da ta saba aikin ƙarfi ne, wadda arziki ya zo mata da rana tsaka ba ta san inda za ta sa shi ba.

Sai ka san daga inda suka fito kafin ɗakin ya yi maka magana. An haifi Elvis ranar 8 ga Janairu 1935 a garin Tupelo na jihar Mississippi, a gidan katako mai ɗaki biyu da Vernon ya gina da rancen dala 180. Tagwaye ne, amma ɗan'uwansa Jesse Garon bai zo da rai ba, kuma Gladys ba ta sake haihuwa ba. A 1938 aka ɗaure Vernon a kurkukun Parchman saboda sauya adadin kuɗi a jikin wani cek, gidan kuma ya suɓuce musu. Suka yi ta yawon haya har 1948, lokacin da suka ɗaure 'yan komatsansu a mota suka nufo Memphis, inda suka zauna a gidajen gwamnati na marasa ƙarfi da ake kira Lauderdale Courts. Elvis ya gama sakandare a 1953 ya kama tuƙin motar wani kamfanin aikin lantarki. Shekara huɗu bayan haka ya miƙa wa uwarsa makullin Graceland.

Ba ta more shi ba. Kaji ta riƙa kiwo a bayan gida, tana kewar zaman da maƙwabta za su leƙo a yi hira. A watan Maris na 1958 aka ɗauki ɗanta aikin soja, a watan Agusta na shekarar ta rasu tana da shekara 46. Zamanta a gidan bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Bayanta kakarsa Minnie Mae ta koma ɗakin, daga baya kuma gwaggonsa Delta, wadda ta ci gaba da zama a gidan har rasuwarta a 1993. Wato shekara goma sha ɗaya masu ziyara suna kai-kawo a falo, tsohuwa tana cikin gida tana harkokinta, shi ya sa sai bayan ta rasu aka buɗe kicin ga jama'a.

Kawu ya daɗe a bakin igiyar. Da muka matsa ya cire abin kunnensa ya ce, "Ka ga wannan yaro, duk abin da za a faɗa a kansa, bai yar da nasa ba. Uwa, uba, kaka, gwaggo, duk a inuwarsa."

Gaskiya ya faɗa, kuma a ƙasar da ake ganin ɗa ya girma ya kama gabansa shi ne daidai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kicin ɗin duhu-duhu ne, katako ko'ina, har da kafet a ƙasa, da talabijin, da wasu ƙananan allunan da ke nuna abin da kyamarorin tsaro suka hango. Wuta ba ta mutuwa a nan, domin maigidan da rana yake barci, da la'asar yake karin kumallo, dare kuma shi ne yininsa. Duk wanda ke gidan sai ya bi wannan agogo.

Daga nan muka gangara ƙarƙashin ƙasa ta wata siririyar matakala da aka lulluɓe da madubi hagu da dama da sama, har sai mutum ya dafa ƙarfe don kada jiri ya ɗebe shi. Ɗakin talabijin rawaya ne da shuɗi mai duhu, da zanen walƙiya a bango, da talabijin uku a jere. Elvis ya ji cewa Shugaban Amurka Lyndon Johnson yana kallon labaran manyan tashoshi uku a lokaci guda, shi ma ya sa aka yi masa haka. A gefe akwai tarin faya-fayan da yake saurare. Ɗakin da ke fuskantarsa na teburin sunuka ne, an naɗe bango da rufi da yadi mai ninki-ninki, fiye da yadi 300, kuma har yau ga yagewar da wani ya yi wa ƙyallen teburin ba a ɗinke ba. Sai a hau wata matakalar a ɓullo ɗakin kurmi, kamar yadda ake kiransa: koren kafet mai gashi a ƙasa, irinsa a rufi, kujerun katako masu sassaƙen dabbobi, da ruwa yana gangarowa a jikin bangon dutse.

Wasu a ayarinmu suna ta dariyar adon. Ni ban yi ba. Adon shekarun 1970 ne, na mutumin da ya tashi babu, ya samu, ya sayi duk abin da idonsa ya so ba tare da ya nemi yardar masu ilimin ƙawa ba. Abin da ya dame ni a ɗakin wani abu ne daban. A 1976 jikinsa da ransa sun yi nauyin da ba ya son fita zuwa sitidiyo, sai kamfanin faya-fayai na RCA ya turo mota da kayan naɗar sauti aka ajiye a bayan gida, aka jawo wayoyi zuwa wannan ɗaki. Kafet ɗin rufi ya taimaka wajen tsare amo. Waƙoƙinsa na ƙarshe da aka naɗa ba a gaban 'yan kallo ba, a nan aka yi su, a watan Fabrairu da Oktoba na shekarar. Mutumin da ƙasa guda ta yi masa kaɗan, duniyarsa ta dawo ɗaki ɗaya mai rufaffen labule.

Ta ƙofar baya aka fito da mu, iska ta buge mu. Akwai wani ƙaramin gini da Vernon ya mayar ofis, da teburan ƙarfe da kabad na fayil, inda ake amsa wasiƙun masoya ana biyan kuɗaɗe. A jikin ƙofar har yanzu ga sanarwar da ya rubuta yana korar masu zaman banza, cewa wanda ke da abin yi ya yi ya tafi. Mutumin da ya taɓa rasa gida saboda bashi bai taɓa daina tsoron talauci ba, ɗansa yana rabon motoci shi yana lissafin rasit. A gefe ga lilon Lisa Marie, can gaba kuma makiyaya ce da dawakai suna kiwo, domin har yau ana ajiye dawakai a gidan.

Gini na gaba shi ne na tarihin iyali, kuma tsantsenin Vernon ne ya cika shi, don bai yar da takarda ba. Takardun albashi na zamanin babu, rasit na kayan ɗaki, takardar cinikin gidan, kayan da ango da amarya suka sa ranar 1 ga Mayu 1967 da Elvis ya auri Priscilla a Las Vegas, kayan jaririyarsu Lisa Marie da aka haifa ranar 1 ga Fabrairu 1968. Na tsaya kan cek-cek ɗin da Elvis ya rubuta wa ƙungiyoyin taimako na Memphis, da yawansu na dala dubu ɗaya ɗaya, abin da ya mayar al'ada duk shekara. A 1964 ma ya sayi jirgin ruwan da Shugaba Franklin Roosevelt ya yi amfani da shi, ya ba asibitin yara na St. Jude da ke nan Memphis kyauta don su sayar. Hannunsa a sake yake, har ga wanda bai sani ba.

Amma hannu sakakke yana tara jama'a iri biyu, kuma mai shi ba ya iya rarrabewa. Yana da ayarin abokai da 'yan'uwa da ke kewaye da shi dare da rana, waɗanda 'yan jarida suka yi wa laƙabi da Memphis Mafia. Albashinsu, motocinsu, gidajen wasunsu, duk daga aljihunsa. A samansu akwai manajansa, Kanar Tom Parker, wanda ya fara da kashi 25 cikin ɗari, daga baya ya kai rabi a wasu harkokin. Parker ɗan ƙasar Holan ne da ya shiga Amurka ba da takardu ba, ya ɓoye asalinsa, kuma a tsawon rayuwar Elvis bai taɓa yin wasa a wajen Amurka ba in ban da birane uku na Kanada a 1957. Jamus ya je, amma da kakin soja. Shekarun 1960 suka tafi a fina-finai, 31 ya yi gaba ɗaya a rayuwarsa, mafi yawansu shi kansa bai yi alfahari da su ba. Daga 1969 kuma sai Las Vegas da yawon jihohi, wasa kan wasa, har na ƙarshe a Indianapolis ranar 26 ga Yuni 1977. A 1973 aka sayar wa RCA haƙƙin tsofaffin waƙoƙinsa a kan dala miliyan 5.4, cinikin da Parker ya fi kowa cin moriyarsa. Bayan rasuwar Elvis wata kotu a Memphis ta sa aka binciki yadda Parker ya tafiyar da al'amuransa, aka kuma same shi da rashin adalci a ciki.

Da wannan a raina na shiga ginin wasan ƙwallon bango da ya gina a 1975. A ɗan falon da ke gabansa akwai kujerun fata da fiyano mai ruwan ƙasa. Da asubahin ranar da ya mutu ya buga ƙwallo kaɗan da 'yan'uwansa a nan, ya zauna a kan wannan fiyano ya rera waƙa, sannan ya hau sama. Da yammacin ranar ya kamata ya tashi zuwa Portland ta jihar Maine don fara wani sabon zagaye.

Likitan gwamnati ya ce bugun zuciya ne ya rikice. Gwajin jini da aka yi daga baya ya nuna magunguna iri-iri a jikinsa, ciki har da kodin mai yawa. Likitansa, George Nichopoulos, ya rubuta masa ƙwayoyi fiye da dubu goma a watanni takwas na farkon 1977, na barci da na farkawa da na kashe zafi. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a 1981, amma a 1995 hukumar likitocin jihar ta ƙwace lasisinsa gaba ɗaya. Elvis bai ɗauki kansa ɗan ƙwaya ba. Ba ya son giya, yana ƙyamar masu shaye-shayen titi, har ya je wurin Shugaba Nixon a watan Disamba 1970 yana neman ya taimaka a yaƙe su. A ganinsa abin da likita ya rubuta magani ne. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Kodin ɗin da aka samu a jininsa shi ne wanda ya shiga gidajen aure da makarantu a Arewa cikin kwalbar maganin tari, har gwamnatin Najeriya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018, kuma da yawan waɗanda ya kama da wannan hujja suka fara, cewa ai a kemis aka saya. Gida cike da mutanen da ke ƙaunarsa, amma kusan kowa abincinsa a hannunsa yake, wanda ya matsa da faɗar gaskiya kuma yana iya rasa wurinsa. Wadda za ta iya tsawata masa ya ji ta riga shi tafiya da shekara goma sha tara.

Yawon gidan yana ƙarewa ne a lambun da ke bayan wurin wanka, wanda ya sa aka gina a tsakiyar shekarun 1960 don ya riƙa kaɗaita. Ba don maƙabarta aka yi shi ba. Da farko a maƙabartar Forest Hill aka binne shi kusa da uwarsa, amma da aka yi yunƙurin sace gawar, Vernon ya nemi izini aka dawo da su biyun gida a watan Oktoba 1977. Vernon ya bi su a 1979, Minnie Mae a 1980. Akwai ƙaramin allo na tunawa da Jesse, wanda kabarinsa ke Tupelo. Jikan Elvis, Benjamin Keough, da ya rasu a 2020, da Lisa Marie, da ta rasu a watan Janairu 2023, su ma nan aka kawo su. Kaburburan a shimfiɗe suke da murfin tagulla, kewaye da wani marmaro, mutane suna bi a layi ɗaya a hankali. Furanni, 'yan tsana, wasiƙu, tutocin ƙasashe. Wata tsohuwa a gabanmu tana kuka kamar jiya aka yi rasuwar. Mu ba mu saba da irin wannan ado a kabari ba, ba mu kuma kawo komai ba. Mun tsaya, mun karanta shekarun.

Kawu ya ce a hankali, "Arba'in da biyu. Ɗan nan, ai yaro ne. Na girme shi da shekara ashirin yanzu."

Bas ta mayar da mu tsallake, muka miƙa iPad. A nan ne ƙafa take gajiya, domin zaurukan suna da faɗi, kuma kusan kowanne ta cikin shagon tsaraba ake fita. Akwai zauren motoci, da Cadillac ɗin nan mai ruwan hoda ta 1955 da ya ba Gladys duk da ba ta tuƙi, da baƙar Stutz Blackhawk da ya shigo da ita ƙofar gidan a darensa na ƙarshe, da babura da tarakta. Akwai bangon faya-fayan zinare da ya kai rufi, da rigar zinare ta 1957, da baƙar rigar fata ta shirin talabijin na 1968 da ya dawo da martabarsa, da jerin fararen rigunan nan masu duwatsu da babban ɗamara na shekarun Las Vegas. Kyautar Grammy uku ya ci a gasa, kuma duka ukun a kan waƙoƙin coci ne, abin da ya tashi da shi tun yana yaro. A waje jiragensa biyu suke. Babban, Convair 880 da ya saya a 1975 ya sa masa sunan 'yarsa, ana shiga ta gaba a fita ta baya, a ga teburin taro da gado da maɗaurin bel mai ruwan zinare, kujerun duk an rufe su da leda. Ban daɗe a nan ba. Bayan ɗakin Gladys da lambun, kayan ƙawa ba su ƙara mini komai ba.

Wanda zai ci abinci a Memphis ya riƙa tambaya, domin gashin da garin ya yi suna da shi galibi naman alade ne, har burodin nan mai man gyaɗa da ayaba da aka ce Elvis yana so, wasu da kitsen alade suke soya shi. Mun nemi a yi mana da man shanu. Azahar kuma a gefen mota muka yi ta a wurin ajiye motoci, ba wanda ya ce mana uffan. Kafin mu tafi mun taka zuwa katangar dutsen da ke gaban gidan, wadda masoya suka cika da rubutu da harsuna barkatai. Wani mai gadi ya gaya mana cewa da sassafe, kafin a fara yawo, akan buɗe ƙofa na ɗan lokaci a bar mutane su taka zuwa kaburburan kyauta, kuma duk daren 15 ga Agusta dubban mutane ke hawa tudun da kyandir a hannu.

Unguwar da gidan yake, Whitehaven, yau mafi yawan mazaunanta baƙar fata ne, kamar yadda birnin kansa yake. Masu tuƙa bas da masu karɓar tikiti da muka gani, da yawansu baƙaƙe ne, masu ziyara kuma galibi Turawa. Kawu ya ce tunda mun ga inda kuɗin ya tafi, sai mu je mu ga inda ya fito. Muka nufi cikin gari, gida mai lamba 706 a titin Union.

Sun Studio, wurin da aka fara naɗar muryar Elvis, ɗan ƙaramin ginin bulo ne a kan kwana. Ana sayen tikiti a nan take, a jira a ɗan shagon shayin da ke gaba, sannan ɗan jagora mai rai, ba na'ura ba, ya hau da ku sama ya nuna tsofaffin kayan naɗar sauti, ya sauko da ku ɗakin da kansa. Ɗakin bai fi falon gidan mai matsakaicin hali ba, da farin allon tsare amo da ya tsufa a bango, da alama a ƙasa inda mawaƙi ke tsayawa. Sam Phillips ya buɗe shi a 1950, kuma waɗanda ya fara naɗa baƙaƙen mawaƙan blues ne, irin su B.B. King da Howlin' Wolf, a zamanin da doka ta raba makaranta da wurin zama a bas da famfon shan ruwa tsakanin fari da baƙi. Elvis ya tashi yana jin wannan kiɗa a Tupelo, a gidan rediyon WDIA, da kan titin Beale inda yake sayen tufafi. A 1953 ya shigo ya biya kusan dala huɗu aka naɗa masa faifai ɗaya. Ranar 5 ga Yuli 1954, shi da Scotty Moore mai jita da Bill Black, suna hutawa bayan an yi ta gwaji ba a dace ba, ya fara wasa da wata waƙar Arthur Crudup mai suna "That's All Right", Phillips ya leƙo ya ce su sake daga farko. Da aka sa ta a rediyo a makon, mai gabatarwa ya kira shi ya tambaye shi wace sakandare ya yi, don masu saurare su gane daga sunan makarantar cewa Bature ne. A ƙarshen 1955 RCA ta sayi kwangilarsa daga Phillips a kan dala 35,000.

Ban yarda da masu cewa ɓarawo ne kawai ba. Muryar tasa ce, haɗin blues da kiɗan Turawan karkara da waƙar coci shi ya yi shi, kuma bai ɓoye malamansa ba: ya ambaci Crudup da bakinsa tun 1956, ya kuma ɗaga Fats Domino sama da kansa a gaban 'yan jarida a 1969. Amma ƙofofin da suka buɗe masa a rufe suke ga waɗanda ya koya a wurinsu, kuma wannan ba a iya share shi. Big Mama Thornton ta riga shi rera "Hound Dog" da shekara uku, waƙar ta yi kasuwa, ta ce dala 500 ta samu. Arthur Crudup, wanda Elvis ya rera waƙoƙinsa uku, ya yi shekaru yana bin haƙƙinsa a wurin masu buga waƙa bai samu ba, yana aikin gona a Virginia don ciyar da iyali. Ya rasu a 1974, shekara uku kafin Elvis, sai bayan mutuwarsa ne 'ya'yansa suka fara karɓar kuɗin waƙoƙinsa.